Shin ɗan ƙarin ƙoƙari yana kai mutum ga babbar nasara da gaske?

Magatakarda ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina da tambaya a kan wata magana da ake yawan maimaitawa a wajen horar da ma'aikata da kuma cikin rubuce-rubucen ƙarfafa gwiwa, wato cewa tazarar da ke tsakanin wanda ya yi fice da wanda ya tsaya a tsaka-tsaki ba ta da yawa, ɗan ƙarin ƙoƙari kawai ake buƙata a cike ta. Hujja biyu aka fi kawowa. Ta farko lissafi ce, wai idan mutum ya inganta aikinsa da kashi 1 cikin 100 kowace rana, kafin shekara ta zagayo zai ninka kansa kusan sau 38. Ta biyu misalin ruwa ne a kan wuta, wai a digiri 99 zafi kawai gare shi, amma da an ƙara digiri ɗaya sai ya tafasa, ya ba da tururin da ke iya jan jirgin ƙasa.

Maganar tana da daɗin ji, amma zuciyata ba ta kwanta da ita ba. Aikina na ofis ne, shirya rahotanni da duba takardun kuɗi, da dare kuma ina karatun jarrabawar ƙwarewa a wannan fanni. Na ga abokan aiki waɗanda ba sa tashi sai an zo rufe ofis, shekara da shekaru, amma aikinsu bai fi na wanda yake tashi a kan lokaci ba. Na kuma ga wasu da ba su fi kowa shan wahala ba, amma duk ranar da aiki mai muhimmanci ya taso, su ake nema. Idan ƙarin ƙoƙari ne ke kawo nasara, me ya hana na farkon ci gaba?

Abin da nake son masu sani su fayyace mini shi ne ko akwai hujja ta ilimi a bayan wannan magana, in kuma akwai, a wane gurbi ya kamata mutum ya zuba ɗan ƙarin da yake da shi, tun da lokaci da ƙarfi duk ƙayyadaddu ne. Allah ya saka da alheri.

Malamin Lissafi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zuciyarka ta yi daidai da ta ƙi kwanciya, domin hujjojin nan biyu su ne mafi rauni cikin duk abin da za a iya kare maganar da shi, ko da yake ita maganar tana da gaskiyarta.

A kan takarda lissafin ba shi da kuskure. Idan aka ninka 1.01 da kansa sau 365, amsar tana kusa da 37.8. Aibin yana cikin sharaɗin da aka ɓoye, cewa ƙarin kowace rana zai hau kan na jiya ba tare da iyaka ba, alhali jikin ɗan Adam da ƙwaƙwalwarsa ba haka suke ba. A ɗauki mutumin da ke gudun mita 100 cikin daƙiƙa 15. Da zai riƙa rage kashi 1 cikin 100 na lokacinsa kullum, da cikin wata ɗaya da rabi ya karya tarihin daƙiƙa 9.58 da Usain Bolt ya kafa a birnin Balin a shekarar 2009. Abin da aka saba gani wajen koyon kowace sana'a ya saɓa wa wannan: ci gaba yana sauri a farko, sannan ya yi ta raguwa, har a kai inda ƙwararre zai shekara yana fama kafin ya sami ƙarin da sabon shiga yake samu cikin mako guda.

Misalin ruwan ma, da masu kawo shi sun bi shi har ƙarshe, da ya juya musu baya. Ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga digiri 99 zuwa 100 ba ya cin wuta mai yawa, amma mayar da kilon nan tururi gaba ɗaya yana cin zafin da ya ninka na wancan digiri ɗayan fiye da sau 500, ya kuma ninka wanda aka kashe wajen ɗaga ruwan daga sifili zuwa 100 fiye da sau biyar. Duk tsawon wannan lokaci ma'aunin zafi yana tsaye cak a kan 100, wuta kuwa tana ci.

Inda ƙaramin gyara yake ninkuwa da gaske shi ne aikin da ke tafiya mataki bayan mataki, wanda idan ɗaya ya ɓaci sauran sun ɓaci, kuma rahoton kuɗi irin wannan aiki ne. A ce aikin yana da matakai goma, kuma kowane mataki kana yin sa daidai sau 95 cikin 100. Da ji za ka ce wannan ƙwarewa ce, amma idan aka ninka 0.95 da kansa sau goma, damar rahoton ya fita babu kuskure ko ɗaya ba ta wuce kashi 60 cikin 100 ba. Wato cikin rahotanni goma, kusan huɗu za su fita da aibi. To, idan wani ya ɗaga kowane mataki daga 95 zuwa 99, nasa rahoton zai fita lafiya kusan sau 90 cikin 100. Ƙarin da ya yi a kowane mataki kaɗan ne, watakila sake haɗa jimla kafin ya wuce, ko gwada adadi da takardar asali, amma a idon shugaban da ke karɓar aikin, tazarar tana tsakanin mutumin da dole a bi bayansa a duba da mutumin da za a sa hannu a kan aikinsa hankali kwance. Ina zaton a nan amsar tambayarka take. Wanda yake zama har a rufe ofis ya ƙara yawan aikin da yake fitarwa, amma adadin kurakuran da ke cikin kowane aiki yana nan yadda yake.

Akwai kuma yanayin da ake jera mutane, a ba na farko kusan komai. A gasar Olamfik ta Beijing a 2008, Michael Phelps ya ci ninkayar mita 100 ta salon malam-buɗe-littafi da daƙiƙa 50.58, Milorad Čavić ya biyo shi da 50.59. Ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa ne ya raba zinariya da azurfa. A ofis abin ba ya fitowa fili haka, amma yana nan: wanda ya ɗan fi sauran aminci shi ake ba aiki mai wuya, aikin mai wuya ya koya masa abin da sauran ba su sami damar koya ba, sai a sake ba shi wani. Masanin zamantakewa Robert Merton ya bayyana irin wannan tarin fifiko a 1968, a nazarinsa kan yadda masanan kimiyya da suka riga suka yi suna suke samun yabo fiye da takwarorinsu a kan aiki iri ɗaya.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Malam ya yi bayanin sarƙar matakai da lissafi, ni kuma zan kawo shaidarta daga aikin asibiti, inda kuskure a mataki ɗaya yake iya cin rai.

Marasa lafiyar da ke sashen kulawa ta musamman sau da yawa ana zura musu siririn bututu cikin babbar jijiya domin ba su magani da ruwa. Bututun yana ceton rai, amma shi ne kuma hanyar da ƙwayoyin cuta suke bi su shiga jini. Wani likita a Amurka mai suna Peter Pronovost ya tsara matakai biyar da za a tabbatar an bi duk lokacin da za a sa bututun: wanke hannu, rufe jikin majinyaci da na mai aikin da kaya masu tsabta, goge fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta, kauce wa jijiyar matsematsi idan da hali, da cire bututun da zarar an daina buƙatarsa. Babu ko ɗaya a ciki da likitoci ba su sani ba tun suna ɗalibai. Abin da ake samu shi ne, cikin gaggawa da gajiya, a yi huɗu a manta ɗaya. Aka gwada tsarin a sassan kulawa ta musamman fiye da 100 a jihar Michigan, kuma sakamakon da aka buga a 2006 ya nuna cewa yawan kamuwa da cutar jini ta hanyar bututun ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku, raguwar kuma ta ɗore har tsawon wata 18 da aka yi ana bibiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da irin wannan takardar dubawa domin ɗakin tiyata a 2008, mai abubuwa 19, kamar tabbatar da sunan majinyaci da gaɓar da za a yi wa aiki, da ƙirga kayan aiki kafin a ɗinke. A asibitoci takwas na ƙasashe daban-daban da aka fara gwada ta, mace-mace bayan tiyata sun sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100, matsalolin da ke biyo bayan aiki kuma daga kashi 11 zuwa 7. Bin takardar ba ya wuce 'yan mintuna.

Sai dai akwai kashi na biyu na labarin, wanda masu ƙarfafa gwiwa ba su cika ambata ba, kuma a ganina ya fi na farkon amfani ga mai tambaya. Lardin Ontario na Kanada ya wajabta takardar a asibitocinsa, amma binciken da aka buga a 2014 kan asibitoci 101 bai sami wata raguwa ta a-zo-a-gani a mace-mace ko matsalolin tiyata ba. Mu da ke cikin aikin ba mu yi mamaki ba, domin duk mun san yadda ake cike takarda bayan an gama komai, a yi ta buga alama a akwatuna don kada a tuhumi mutum. A Michigan ba takarda kawai aka raba ba. An tara kayan sa bututun a keke ɗaya domin kada neman safar hannu ya zama uzurin tsallake mataki, an ba ma'aikatan jinya ikon dakatar da likita idan ya tsallake, kuma ana sanar da kowane sashe adadin waɗanda suka kamu a wajensa a kai a kai.

Saboda haka, ɗan'uwa, idan za ka ƙara wani abu a aikinka, ka zaɓi matakin da ka san ana yawan tsallakewa saboda ana ganin ƙanƙantarsa, ka shirya abin da zai sauƙaƙa maka yin sa ko a ranar da ka gaji, sannan ka sami hanyar sanin ko kurakuran suna raguwa. Idan babu wannan na ƙarshen, ba za ka taɓa sani ba ko kana dubawa ne da gaske ko alama kawai kake bugawa.

Mai Bin Wasanni ya amsa:

Ban ƙi abin da Malam da Malama suka faɗa ba, amma ina son a sa wa maganar linzami, domin ana amfani da ita wajen ɗora wa wanda bai yi nasara ba laifin da ba nasa ba ne.

Misalin da aka fi yayatawa a wannan babi shi ne na 'yan tseren keken Birtaniya. Dave Brailsford ya karɓi jagorancin shirinsu a 2003, ya shahara da aƙidar tattara ƙananan gyare-gyare: a koya wa 'yan wasa wanke hannu yadda ya kamata domin kada mura ta kwantar da su, a riƙa tafiya da katifa da matashin da kowa ya saba da su, a shafa wa ƙasan cikin motar kaya farin fenti domin a ga ƙurar da za ta iya shiga kekuna. Sakamako ya biyo baya. Sun ci zinariya takwas a tseren keke a Beijing a 2008, suka sake cin takwas a Landan a 2012, kuma a shekarar ce Bradley Wiggins ya zama ɗan Birtaniya na farko da ya lashe gasar Tour de France.

Abin da ake tsallakewa shi ne abin da ya gabaci wannan. An buɗe filin tseren keke na cikin ɗaki a Manchester a 1994, kuma daga 1997 kuɗin cacar ƙasa suka fara shiga wasannin Birtaniya, abin da ya ba 'yan wasa damar barin wasu ayyuka su duƙufa ga atisaye, aka kuma ɗauki masu horarwa da likitoci da injiniyoyi. Kafin Brailsford ya karɓi ragama, Jason Queally ya riga ya ci zinariya a Sydney a 2000. Ƙungiyar Team Sky da Wiggins ya ci gasar da ita tana cikin waɗanda suka fi kowa kuɗi a fagen. A 2018 kuma wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya zargi ƙungiyar da amfani da izinin da ake ba ɗan wasa mai ciwo ya sha maganin da aka hana a wasanni, ta hanyar da ba ta karya doka ba amma ta saɓa wa ɗa'a, zargin da ƙungiyar da Wiggins suka musanta. Ba ina cewa matashi da wankin hannu ba su yi amfani ba. Ina cewa sun yi amfani ne ga mutanen da suka riga suka mallaki manyan abubuwan, suka rage da ƙananan.

Haka batun yawan atisaye. Binciken Anders Ericsson da abokan aikinsa na 1993 kan ɗaliban goge na Turawa a Balin ya nuna cewa waɗanda suka fi ƙwarewa sun tara kimanin awa 10,000 na atisaye kafin su kai shekara 20, sai duniya ta ɗauka cewa atisaye ne komai. A 2014 Brooke Macnamara da abokan aikinta suka tattara bincike masu yawa, suka gano cewa atisayen da aka tsara da niyyar ƙwarewa yana bayyana kimanin kashi 26 cikin 100 na bambancin ƙwarewa a wasannin ƙwaƙwalwa irin su dara ta Turawa, kashi 21 a kiɗa, 18 a wasannin motsa jiki, 4 a karatu, a ayyukan ƙwararru kuwa ƙasa da kashi 1. Ana jayayya a kan yadda suka auna, amma ko an rage ko an ƙara, saura mai yawa yana hannun wasu abubuwa: baiwa, shekarun farawa, malamin da mutum ya dace da shi, lafiya, da dama. Tarin fifikon da Malam ya ambata ma ba ya tambayar daga ina ratar farko ta fito. Yadda yake ninka ƙoƙari, haka yake ninka sa'a da sanayya.

Magatakarda ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na fahimci batun matakai da kuma muhimmancin auna sakamako, na kuma karɓi jan hankalin ɗan'uwa cewa ƙoƙari ba shi kaɗai ke cikin lissafin ba. Amma tun da baiwa da sa'a ba sa hannuna, bari in tsaya kan abin da ke hannuna. Idan abin da zan iya warewa bai wuce rabin awa a rana ba, ta yaya zan gane matakin da ya fi cancantar wannan lokaci, kuma yaushe ƙarin yake komawa cutarwa? Ina kuma roƙon Malam ya ce wani abu a kan karatun jarrabawa, domin shi ba sarƙar matakai ba ne kamar rahoto.

Tsohon Injiniya ya amsa:

Ɗana, tambayarka ta biyu ta fi ta farko, kuma masana'antu sun daɗe suna fama da ita.

Zan fara da inda ƙarin yake komawa asara, domin an auna shi. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, gwamnatin Birtaniya ta tara bayanai kan ma'aikatan masana'antun harsasai, yawancinsu mata, waɗanda ake sa su aiki na awoyi masu tsawo saboda buƙatar yaƙi. Masanin tattalin arziki John Pencavel na Jami'ar Stanford ya sake nazarin waɗannan alƙaluma a 2014. Ya ga cewa ƙasa da kimanin awa 49 a mako, abin da ake samarwa yana ƙaruwa daidai da awoyin da aka ƙara, amma daga nan kowace awa tana ba da ƙasa da wadda ta gabace ta, har ta kai abin da aka samar a mako mai awa 70 bai bambanta sosai da na mako mai awa 56 ba. Awa 14 ke nan kusan a banza. Wannan aikin hannu ne, wanda ake iya ƙirga shi. A aikin lissafi irin naka gajiya ba ta tsaya ga rage sauri ba, tana shigo da kuskuren da gobe za ka ɓata safiya kana nema. Don haka rabin awar nan kada ta fito daga barcinka.

Game da gano gurbin da ya dace, abin da na koya a aikin masana'anta shi ne kada a yi hasashe. Kamfanin Toyota ya kafa tsarin karɓar shawarwarin ma'aikata tun 1951, kuma abin da ya sa tsarin nasu na kaizen, wato inganta aiki kaɗan-kaɗan ba tsayawa, ya yi suna shi ne an bar wanda hannunsa ke kan aikin ya nuna inda matsala take. A layin haɗa mota akwai igiyar da kowane ma'aikaci zai iya ja idan ya ga aibi, shugaban rukuni ya zo nan take, idan ba a warware ba layin ya tsaya. Mai kallo daga waje zai ga kamar ɓata lokaci ne a tsayar da layi saboda ƙusa ɗaya, amma ƙusar da aka gyara a inda aka ɗaura ta aikin daƙiƙoƙi ce, wadda aka gano bayan an rufe ta da kujera da kafet kuwa sai an kwance rabin mota. Taiichi Ohno, wanda ya gina mafi yawan wannan tsari, ya riƙa koya wa mutanensa su tambayi dalilin matsala sau biyar a jere, kowace amsa a sake tambayar dalilinta, har a kai ga tushe.

Ga yadda zan mayar da wannan kan teburinka. Ka buɗe ɗan littafi, duk lokacin da aka dawo maka da aiki, ko ka kama kuskure da kanka, ko ka tsaya jiran wani abu, ka rubuta layi ɗaya: me ya faru, a wane mataki. Kada ka gyara komai tukuna. Bayan 'yan makonni za ka ga abu biyu ko uku suna ta maimaita kansu, sauran kuwa sau ɗaya suka zo suka wuce. Wanda ya fi maimaituwa shi ne mai rabin awarka. Sau da yawa za ka tarar tushensa ba ya ma wajenka, wataƙila takardun da ake kawo maka ne suke zuwa a cakuɗe, kuma maganin shi ne ka zauna da mai kawo su ku daidaita tsarin da zai riƙa bi. Irin wannan ƙarin ƙoƙari sau ɗaya ake yin sa, amfaninsa kuma ya bi kowane rahoto da zai zo bayansa, saɓanin zaman dare wanda dole a sake shi gobe.

Abu ɗaya da zan ƙara, wanda matasa ba su cika son ji ba: kada ka kama gyara biyar a lokaci guda. Idan sakamako ya canza ba za ka san wanne ya kawo canjin ba, idan kuma aiki ya yi yawa dukansu za ka watsar tare.

Malamin Lissafi ya sake amsawa:

Baba Injiniya ya gama da batun ofis, saura karatu. A nan ba ninkawa ake yi ba, tarawa ce, kuma tarawar ma ba abin rainawa ba ce: minti 20 kowace rana ya haura awa 120 a shekara, wato daidai da mako uku na cikakken aiki. Sai dai abin da aka yi da mintunan ya fi yawansu tasiri.

Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna a Jamus cewa mafi yawan mantuwa tana faruwa ne jim kaɗan bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba a kan kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka gwada ɗalibai a Amurka da gajerun nassoshi. Wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu suka karanta a zama ɗaya sannan aka sa su rufe takarda su rubuta abin da suka tuna, har sau uku. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda kuwa masu rufe takarda sun tuna kimanin kashi 61 cikin 100, masu maimaitawa kimanin 40, alhali su masu maimaitawar ne suka fi amincewa cewa za su tuna. Wannan na ƙarshen shi ne tarkon, domin sake karanta shafin da ka sani yana da daɗi kuma yana sa ka ji ka iya, rufe littafi kuwa yana tona maka abin da ba ka riƙe ba.

Shawarata ita ce kada ka tsawaita zaman karatunka na dare. Ka yanke minti goma na ƙarshensa, ka rufe littafi, ka rubuta abin da ka karanta daga ka, sannan ka buɗe ka gwada. Abin da ya kuɓuce maka ka rubuta shi a matsayin tambaya a wata takarda dabam, ka amsa ta bayan kwana biyu, ka sake bayan mako, sannan bayan wata. Tun da jarrabawarka ta ƙunshi lissafin kuɗi, tambayoyin shekarun baya su ne mafi dacewa da wannan, amma ka warware su da agogo a gabanka, kuma kada ka leƙa amsa sai ka kai ƙarshen tambayar, ko da ka tabbata ka ɓata a tsakiya. Idan tambaya ta zo maka daidai sau uku a jere a ranaku mabambanta, ka cire ta daga takardar domin ta ba wata wuri.